Tsara baje kolin fasahar Latinx a Amurka: wace ƙofa mai farawa zai ƙwanƙwasa?

'Yar ƙanwata ta tashi a Bronx cikin birnin New York, a unguwar da idan ka fito daga masallaci Sifaniyanci za ka ji a bakin mai shago da mai aski da direban bas. Ƙawayenta tun na firamare 'ya'yan mutanen Puerto Rico ne da na Jamhuriyar Dominikan, harshensu kuma ya zauna a bakinta kamar Hausar gida. Ta karanta tarihin zane-zane a jami'a, yanzu burinta ta zama mai tsara baje koli a gidan adana ayyukan fasaha, ta ƙware a kan ayyukan 'yan Latinx. Ƙofa huɗu ke gabanta, ta rasa wadda za ta ƙwanƙwasa. Ita na rubuta wa wannan, shi ya sa za ku ji ina cewa "ke", amma duk wanda ke cikin irin wannan tsaka mai wuya ya ɗauka nasa ne.

'Yata, mu fara da sunan. Fasahar Latin Amurka daban, fasahar Latinx daban. Ta farko ita ce ta masu zane na Meziko, Brazil, Ajantina da sauran ƙasashen kudu. Ta biyu ta mutanen da asalinsu can ne ko tsibiran Karebiyan, amma a Amurka aka haife su ko a nan suke zaune suna aiki. Shekara da shekaru sun faɗa tsakanin kujera biyu: sashen fasahar Amurka ya ce ba nasa ba ne, sashen Latin Amurka ma ya ce ba nasa ba ne. Ƙidayar 2020 ta nuna sun kai miliyan 62, kusan kashi 19 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Amma wani bincike na 2019 a kan manyan gidajen fasaha 18 ya gano kashi 2.8 kawai na masu zanen da ke taskokinsu ne 'yan wannan jinsi. Ƙidayar ma'aikata da gidauniyar Mellon ta yi a 2015 kuma ta samu kashi 3 ne kawai a kujerun shugabanci, tsara baje koli, gyaran ayyuka da ilimantarwa. Carmen Herrera, haifaffiyar Kyuba da ta yi mafi yawan rayuwarta a New York, sai da ta kai shekara 89 kafin ta sayar da zanenta na farko, sai da ta kai 101 kafin gidan fasaha na Whitney ya yi mata babban baje koli a 2016. Wannan giɓin ne ya haifi aikin da kike nema.

Ki kuma sani cewa ita kanta kalmar Latinx ba kowa ke amsa ta ba. Cibiyar Pew ta gano a 2020 cewa kashi 3 kacal na waɗannan mutane ke kiran kansu da ita. Tsohon mai zane a gabashin Los Angeles zai ce miki shi Chicano ne, wato Ba'amurke mai asalin Meziko, na Harlem ta gabas a New York ya ce shi Boricua ne ko Nuyorican, wato mai asalin Puerto Rico. Ranar da za ki rubuta bayanin da ake liƙawa a bango kusa da zane, ki tambayi mai aikin sunan da yake so.

Ma'aunin da za ki auna da shi

Na farko kuɗi: nawa za ki kashe kafin ki shiga, nawa zai rage a hannunki bayan kuɗin haya. Ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta sa matsakaicin albashin masu wannan aiki ya ɗan haura dala 60,000 a shekara a 'yan shekarun nan, mai farawa kuwa yawanci ƙasa da haka yake samu. Albashi iri ɗaya a Manhattan da a Albuquerque ba rayuwa iri ɗaya ba ce.

Na biyu ɗorewa, kuma a wurina shi ne uwa. Kujerar aiki a gidan fasaha tana cin abinci daga ɗayan tukwane uku. Akwai wadda wani attajiri ya yi wa waƙafi, ribar waƙafin ke biyan albashi har abada. Akwai wadda ke cikin kasafin gidan na kowace shekara. Akwai kuma wadda tallafin wata gidauniya ke riƙe da ita na wa'adi. Yawancin sababbin kujerun Latinx daga tukunya ta uku suke ci. A farkon 2023 gidauniyoyi huɗu, Mellon, Ford, Getty da Terra, suka haɗa dala miliyan 5 suka raba wa gidaje goma, kowanne dala 500,000 na shekara biyar, domin a samar da kujerun masu tsara baje kolin Latinx ga masu farawa da masu matsakaicin gogewa. Cikin waɗanda suka samu akwai El Museo del Barrio, gidan Blanton na Austin, gidan fasaha na Newark, National Gallery of Art na Washington, gidan Vincent Price da 516 Arts na Albuquerque. Abin farin ciki ne ƙwarai. Amma shekara biyar tana da ƙarshe, don haka duk inda aka kira ki tattaunawa, kada kunya ta hana ki tambaya: idan tallafin ya ƙare, wa zai ci gaba da biyan wannan kujera, kuma an rubuta hakan a wani wuri?

Na uku sauƙin shiga: wane digiri ake nema, wane harshe, waɗanne takardu. Na huɗu shi ne hannu a aiki, wato yaushe sunanki zai hau bango a matsayin wadda ta tsara, kuma ko za a ji muryarki lokacin da gidan ke sayen sababbin ayyuka. Baje koli wata uku ko huɗu ne a sauke shi. Zanen da kika sa aka saya kuwa yana nan bayan kin tafi. Na biyar haɗari: siyasa, gajiya, da makalewa a matsayi ɗaya.

Ƙofa ta farko: babban gida

Ina nufin irin su Whitney a New York, LACMA a Los Angeles, gidan fasahar Amurka na Smithsonian a Washington, da na Houston. Mai farawa yana shiga ne a matsayin mataimaki ko ta gurbin horo na shekara ɗaya zuwa uku.

Abin da za ki samu a nan ba ƙarami ba ne. Za ki ga yadda ake aron zane daga wani gida: wasiƙar neman aro, inshora, akwatin da ake ƙerawa daidai girman aikin, ma'aikacin da ke rako shi a jirgi, ma'aunin zafi da laima na ɗakin. Za ki zauna da masu gyaran ayyuka su nuna miki abin da haske ke yi wa takarda. Za ki koyi haɗa kundin baje koli tun daga neman izinin hotuna har zuwa gyaran ƙarshe. Wannan ilimi ne da ƙaramin gida ba zai iya ba ki da wannan zurfi ba, kuma sunan gidan a takardarki yana buɗe ƙofofi. Marcela Guerrero ta bi wannan hanya: ta yi gurbin horo a gidan Hammer, ta yi aiki a kan baje kolin Radical Women na 2017, a shekarar ta koma Whitney, a 2018 ta buɗe nata, a 2022 kuma ta tsara babban baje koli kan fasahar Puerto Rico bayan guguwar Maria. E. Carmen Ramos ta karɓi kujerar fasahar Latino, wato ta 'yan Latinx, a gidan Smithsonian a 2010, ta tsara Our America a 2013, ta cika taskar gidan da ayyukan da a da babu su, a 2021 ta zama shugabar sashen tsarawa da gyara a National Gallery of Art. Sai dai ki lura, dukansu biyu suna da digirin digirgir.

Ta ɓangaren kuɗi, albashi ya fi tsari a nan, akwai inshorar lafiya, kuma al'amura sun ɗan gyaru. A 2019 ƙungiyar daraktocin gidajen fasaha ta yi kira a daina ɗaukar masu koyon aiki ba biya. Ma'aikatan Whitney sun shiga ƙungiyar ƙwadago a 2021, na gidan Philadelphia sun yi yajin aiki na kwana 19 a 2022. Tun Nuwamba 2022 dokar birnin New York ta tilasta a rubuta iyakar albashi a tallar aiki, don haka za ki san abin da za ki tarar tun kafin ki nema. Matsalar ita ce manyan gidajen suna biranen da haya ta fi tsada.

Abin da ke damuna da wannan ƙofa shi ne lokaci. Babban gida yakan tsara jadawalinsa shekara uku zuwa biyar gaba. Idan gurbinki na shekara biyu ne, mai yiwuwa ki gama wa'adi kina hidimar baje kolin wani, wanda za a buɗe bayan kin tafi. Sannan akwai nauyin zama ke kaɗai. A gidan da mutum ɗaya ne ke kula da fasahar Latinx, shi za a kira ya fassara rubutun bango, shi zai tarbi baƙi a watan tunawa da al'adun Latino na Satumba zuwa Oktoba, shi zai zauna a kowane kwamiti. Gidajen gwamnatin tarayya irin su Smithsonian kuma iskar siyasa na kaɗa su kai tsaye. Majalisa ta amince da kafa gidan tarihin Latino na ƙasa a Disamba 2020, aka buɗe zaurensa na farko a 2022, amma a 2023 wasu 'yan majalisa suka yi barazanar hana shi kuɗi saboda ba su ji daɗin abin da aka baje ba. A Maris 2025 fadar shugaban ƙasa ta fitar da umarni da ya shafi abin da Smithsonian ke nunawa. Yawancin kujerun tarayya kuma sai ɗan ƙasa.

Duk da haka manyan gidaje suna canzawa, kuma daga ciki ake canza su. A 1972 matasan Asco, ƙungiyar masu zane 'yan Chicano, suka je da dare suka fesa sunayensu a jikin ginin LACMA, bayan an nuna musu cewa babu gurbin 'yan Chicano a ciki. A 2011 gidan nan dai ya yi musu cikakken baje koli, wanda Rita Gonzalez da C. Ondine Chavoya suka tsara. Shekara 39 ke tsakani.

Ƙofa ta biyu: gidan al'umma

Waɗannan su ne gidajen da mutanen suka gina wa kansu da suka ga an rufe musu ƙofa. Raphael Montañez Ortiz ya kafa El Museo del Barrio a 1969 a Harlem ta gabas, bayan iyaye 'yan Puerto Rico sun nemi a koya wa 'ya'yansu tarihinsu. Carlos Tortolero, malamin sakandare, shi da abokan aikinsa suka kafa gidan fasahar Meziko na Chicago a 1982 da dala 900, suka buɗe gini a unguwar Pilsen a 1987, kuma har yau shiga kyauta ne. Akwai Mexic-Arte a Austin tun 1984. Na baya-bayan nan shi ne cibiyar fasahar Chicano ta Cheech Marin a Riverside, wadda aka buɗe a Yuni 2022 da ayyuka sama da 500 daga tarin Marin ɗin, wanda ɗan wasan fim ne.

A nan ba sai kin yi wa kowa bayanin dalilin da ya sa wannan fasaha ta cancanci bango ba. Wannan kaɗai yana rage gajiya. Ma'aikata ba su da yawa, don haka cikin shekara ɗaya ko biyu ana iya ba ki ɗaki ki tsara, ki zaɓi ayyuka, ki rubuta bayani, ki tsaya da masu rataye zane har dare. Za ki san masu zane ido da ido, ki shiga ɗakunan aikinsu, ki ci abinci a gidajensu. Taskokin ma suna da zurfin da manyan gidaje ba su da shi: El Museo yana riƙe da kayan mutanen Taíno, 'yan asalin tsibiran Karebiyan, na kafin zuwan Turawa, da gumakan katako na waliyyai, da ɗimbin hotunan bugu na gwagwarmayar shekarun 1960 da 1970, da yawansu suna jiran mai bincike. Baje kolinsa na La Trienal da aka buɗe a 2021 ya tara masu zane 42 daga sassan ƙasar. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma a wannan fage gidajen nan su ne masu gatarin.

Farashin da za ki biya shi ne ƙarancin kuɗi. Waƙafinsu ƙarami ne idan aka kwatanta da na manya, suna dogara da tallafin birni, jiha da gidauniyoyi, don haka idan aka rage tallafi su ke fara jin jiki. Albashi yakan yi ƙasa, kuɗin tafiyar bincike kaɗan ne, wani baje kolin ma ba a buga masa kundi, alhali kundin shi ne shaidar da za ki nuna nan gaba. Idan za ki karɓi aiki a irin wannan gida, ki nemi a yarda ki riƙa rubutu a mujallu da kundayen waje.

Akwai kuma abin da ya shafe ki musamman. Jama'ar unguwa suna ganin gidan nasu ne, kuma suna da gaskiya. A 2019 masu zane da malamai suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna ƙorafin cewa El Museo yana karkata ga fasahar manyan ƙasashen kudu yana barin 'yan unguwar da suka kafa shi. Wurin da ake sa wa shugabanni ido haka, ke da ba 'yar jinsin ba za a sa miki ido ninki biyu. Babu dokar da ta hana Bahaushiya ƙwarewa a wannan fage, amma kujerun nan da gumi aka samo su, kuma za a so a gani ko ke mai wucewa ce ko mai zama. Harshen da kike da shi da shekarun da kika yi a unguwa jari ne. Akwai kuma ɓangaren da ake yawan tauye shi ko a cikin gida, wato na baƙaƙen fatar Latinx. Arturo Schomburg, wanda tarin littattafansa ya zama tushen cibiyar binciken tarihin baƙar fata ta Harlem, ɗan Puerto Rico ne. María Magdalena Campos-Pons daga Kyuba da Firelei Báez daga Jamhuriyar Dominikan duk suna tono alaƙar Afirka da Karebiyan a ayyukansu. A nan idonki zai ga abin da wani zai wuce.

Ƙofa ta uku: jami'a da gidan fasaharta

Wannan ƙofa biyu ce a haɗe: komawa karatu, da aiki a gidan fasaha na jami'a. Digiri na biyu shekara biyu ne, kuma yawanci ke za ki biya, a jami'o'i masu zaman kansu dubban daloli masu yawa kowace shekara. Ban ga hikimar cin bashi mai nauyi don aikin da albashinsa na farko ba shi da yawa ba. Digirin digirgir kuwa a manyan jami'o'i ana yafe kuɗin makaranta, ana ba da alawus na kusan shekara biyar, amma kammalawa kan ɗauki shida zuwa takwas. Ba kuɗi za ki biya ba, shekarun ƙuruciyarki za ki biya.

Abin da yake saya miki shi ne ɗorewa. Digirin ba ya ƙarewa da wa'adin tallafi, kuma shi ne ke raba mataimaki da cikakken mai tsarawa a yawancin manyan gidaje. Fagen nan kuma yana da ƙishirwar bincike: masu zane da yawa na shekarun 1970 sun tsufa, takardunsu na cikin kwalaye a garejin 'ya'yansu. Cibiyar nazarin Chicano ta jami'ar UCLA tana tattara irin waɗannan tun 1969. Gidan fasaha na Houston ya sa dubban takardun tarihin fasahar Latin Amurka da ta Latino a intanet kyauta, wanda ko daga Kano ko Zinder mutum zai iya karantawa.

Gidajen jami'a suna da tarihi mai kyau a wannan fanni. Gidan jami'ar Texas a Austin, wanda yanzu ake kira Blanton, ya kafa kujerar fasahar Latin Amurka tun 1988 ya ba Mari Carmen Ramírez, a 2023 kuma ya karɓi ayyuka sama da 5,000 daga tarin Gilberto Cárdenas da Dolores Garcia, akasarinsu hotunan bugu. Ki yi tunanin aikin da ke cikin rajista da nazarin wannan tari kaɗai. Gidan Vincent Price yana cikin kwalejin gabashin Los Angeles, ƙaramar makaranta ta 'ya'yan talakawa, amma shi ya yi wa mai ɗaukar hoto Laura Aguilar, tsohuwar ɗalibar kwalejin, cikakken baje koli a 2017, watanni kafin rasuwarta a 2018, kuma baje kolin ya zagaya wasu birane.

Ma'aikacin jami'a yana cin moriyar inshora da fansho na jami'ar, ga ɗakin karatu, ga ɗalibai. Haɗarin shi ne gidan fasaha ba shi ne gaba a ran hukumar jami'a ba idan aka zo rage kasafi, kuma jami'o'in jiha suna ƙarƙashin 'yan siyasar jiha. A Texas doka ta rufe ofisoshin daidaito tsakanin jinsuna a jami'o'in gwamnati daga Janairu 2024. Ga mai karatu da zai taso daga gida Najeriya, Nijar ko Gana, wannan ce ƙofar da ta fi buɗuwa: bizar ɗalibi tana ba da izinin aiki na wata 12 bayan kammalawa, kuma jami'o'i ba sa cikin ƙayyadadden adadin bizar aiki da ake yi wa ƙuri'a kowace shekara. Dokokin suna yawan sauyawa, sai a tuntuɓi ofishin ɗaliban waje na jami'ar.

Ƙofa ta huɗu: zaman kai

Ba zan daɗe a nan ba, domin ban ɗauke ta sana'ar da za ta riƙe mai farawa ita kaɗai ba. Ana tsara baje koli a cibiyoyin unguwa irin su Self Help Graphics na Los Angeles, Taller Puertorriqueño na Philadelphia da aka kafa a 1974, ko ta amsa kiran da Latinx Project na jami'ar New York ke yi, wanda Arlene Dávila ta kafa a 2018. Shiga ba ya buƙatar izinin kowa, 'yanci cikakke ne, sunanki zai hau bango da wuri. Amma ladan kowane aiki sau ɗaya ake biya, babu inshorar lafiya, wadda a Amurka rashinta na iya rusa mutum, kuma wuraren kansu ba su da tabbas. Galería de la Raza ta San Francisco, wadda ke aiki tun 1970, ta rasa mazauninta na shekaru a 2018 saboda tashin haya. A Mayu 2025 hukumar tallafa wa fasaha ta ƙasa ta soke tallafin da ta riga ta yi wa ƙananan cibiyoyi da yawa alkawari. Ki riƙe wannan ƙofa a matsayin aikin gefe. Idan kina neman masu zanen da za ki fara bibiya, a 2021 ƙungiyar US Latinx Art Forum ta fara zaɓen mutum 15 kowace shekara ana ba kowannensu dala 50,000, jerin sunayen nan makaranta ce guda.

| Ƙofa | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin shiga | Hannu a aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Babban gida | Albashi mai tsari, haya mai tsada | Gurbin horo gajere, kujerar dindindin mai ƙarfi | Wuya, gasa mai zafi | A hankali | Makalewa a mataimaki, siyasar tarayya |
| Gidan al'umma | Albashi ƙasa | Ya danganta da tallafi | Matsakaici, harshe da sanayya na da nauyi | Da wuri | Yanke tallafi, yawan aiki |
| Jami'a | Digiri na biyu da tsada, na uku da alawus | Mafi ɗorewa | Sai an samu gurbi da malami | Matsakaici | Tsawon shekaru, siyasar jiha |
| Zaman kai | Lada ba albashi ba | Babu tabbas | Mafi sauƙi | Nan take | Rashin inshora |

Wa ya dace da wace

Wanda ke da bashin karatu a wuya ko iyaye da ƙanne da ke jiransa, ya nemi kujerar da ke cikin kasafi, a babban gida mai ƙungiyar ƙwadago ko a gidan jami'a, ko da sunan kujerar bai ambaci Latinx ba. Daga sashen rajista ko na ilimantarwa ma ana ƙetarawa. Wanda burinsa ya zauna a teburin da ake yanke shawarar abin da manyan gidaje za su saya, kuma yana da haƙurin shekara bakwai, ya nufi digirin digirgir, amma ya zaɓi malami kafin ya zaɓi jami'a, ya tabbata akwai wanda ya san fagen da zai duba aikinsa. Wanda ya riga ya gama digirin, gurbin horo a babban gida ya dace da shi, da sharaɗin a gaya masa sunan wanda zai koya masa da baje kolin da zai yi aiki a kai, da ranar buɗe shi. Wanda zai taso daga wajen Amurka, jami'a ce hanyarsa. Wanda ke da wani aikin da ke ciyar da shi, ya gwada zaman kai da baje koli ɗaya a shekara.

Ke kuwa 'yata, digiri ɗaya gare ki, ba ki da bashi mai yawa, kina da ɗaki a gidan mahaifiyarki, jirgin ƙasa kuma zai kai ki Harlem ta gabas cikin ƙasa da awa guda. Shawarata ki nemi shiga gidan al'umma, ki yi shekara biyu ko uku, ki tsara ko da ƙaramin baje koli ɗaya da sunanki, ki buga rubutu biyu ko uku. A cikin waɗannan shekaru za ki gano mai zane ko ƙungiyar da ba a yi wa adalci ba, wadda takardunta ke hannun iyali. Da wannan batu a hannu za ki nemi gurbin digirin digirgir mai alawus, ki tsallake na biyu mai tsada idan jami'ar ta yarda. Ranar tattaunawar aikin farko kuma ki tafi da tambayoyi uku a rubuce: daga wace tukunya albashin ke fitowa, wa zai koya miki, kuma a wace shekara za a ba ki ɗaki.